Harafi Mai Gwaɓi da Ƙugiyar Hausa: Nazarin Rubutun Ado a Talatar Mafara, Bakura da Maradun

Tsakure

Wannan takarda ta duba manyan haruffan ado, masu kauri da gwaɓi, waɗanda ake rubuta allunan shaguna da fastoci da jikin motoci da su a Talatar Mafara da Bakura da Maradun. Ta bi sawunsu ta hanyoyi uku: alƙalamin makarantar allo, buroshin mai fenti, da zubin haruffan da kwamfuta ta kawo daga Ingila da Amurka. Hujjarta ita ce, tun da aikin ya koma hannun kwamfuta, Hausar da aka fi rubutawa da girma a bainar jama'a ita ce ta fi yawan kuskure, domin haruffan adon da ake yayi ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Takardar ta bayyana dalilin hakan, ta kuma nuna inda gyara zai iya farawa.

Ranar kasuwa

Duk wanda ya biyo hanyar Gusau zuwa Sakkwato ranar Talata, tun kafin ya shiga tsakiyar Mafara rubutu zai fara yi masa sallama. Ga sunan kantin magani a jikin bango da jan fenti, ga allon mai sayar da taki da maganin feshi, ga fastar ɗan takara da rana ta ci rabin fuskarsa amma sunansa na nan raɗau. Gingimari ta tsaya ana lodin shinkafa, goshinta ɗauke da addu'a cikin haruffa masu launi uku. Su kansu buhunan kowanne da baƙi biyu ko uku da aka shafa masa da gaggawa, domin kada kayan Alhaji wane su bi na Alhaji wane idan an isa inda za a sauke. Babu ɗaya daga cikin rubuce-rubucen nan da aka yi don a zauna a karanta. An yi su ne don ido ya cafke su yana wucewa.

Masu ɗab'i sun daɗe da raba haruffa gida biyu. Akwai na cikin littafi, sirara masu natsuwa, waɗanda girmansu kan tsaya tsakanin ma'auni 10 zuwa 12, a lissafin da ma'auni 72 ke cika inci ɗaya. Akwai kuma na kanu da talla, waɗanda ake zubawa don a gan su da girma: masu kauri, masu inuwa, masu ƙawa. Bahaushe ya san wannan bambanci a harkar murya. Muryar hira daban, muryar sanƙira daban, kuma wanda ya ɗauko muryar sanƙira ya shiga da ita ɗaki zai kori mutane. A bakin masu sana'ar da masu ba su aiki, kalmomin da ake ji su ne "a yi shi da gwaɓi", "ya fito ɓaro-ɓaro", "a sa masa inuwa". Da su wannan takarda za ta yi aiki, sai kuma "zubin harafi" ga kowane salon haruffa da aka ƙera cikakke daga A zuwa Z.

An zaɓi garuruwan nan uku ne saboda abin da ya haɗa su. Dam ɗin Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, da aikin noman rani da ya biyo bayansa, sun ratsa ƙasar ƙananan hukumomin uku, saboda haka kasuwancinsu na shinkafa da kayan lambu ɗaya ne, motocinsu ɗaya. Dukkansu suna mazaɓar ɗan majalisar dattawa ta Zamfara ta Yamma. Kuma tun da aka ƙirƙiri jihar a 1996, kowannensu ya fitar da gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talatar Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Garin da ya fitar da gwamna bangonsa ba ya hutawa. Fasta kan hau fasta, kuma wanda ya ɓanɓare su a hankali zai ga yadda salon haruffa ya sauya daga zaɓe zuwa zaɓe.

Inda kaurin ya samo asali

Harafin ɗab'i mai gwaɓi ɗan kasuwa ne tun ran gini. Fiye da shekara ɗari uku bayan Gutenberg, maɗaba'un Turai littafi suka fi bugawa, idan kuma suna son babban kanu sai su ƙara wa harafin littafi girma kawai. A farkon ƙarni na 19 ne, da masana'antu suka cika Landan da kaya masu neman mai saye, aka soma zuba haruffa musamman don bango. Ana danganta na farkonsu da Robert Thorne, wanda ya ɗauki harafin littafi ya kumbura sandunansa har suka yi kamar turame, ya bar siraran layukan yadda suke. A 1815 Vincent Figgins ya fito da wani zubi mai faffaɗar dunduniya a ƙarshen kowace sanda. A 1816 William Caslon na huɗu ya nuna wanda ba shi da dunduniya ko kaɗan. Da girman ya wuce abin da dalma za ta iya ɗauka ba ta lotsa ba, sai aka koma katako, kuma a 1828 Darius Wells ya fitar da kundin haruffan katako a birnin New York.

Jikokin waɗannan su ne ke manne a bangon Bakura a yau. Cooper Black, mai jiki sumul kamar an mulmula curin fura, Oswald Cooper ne ya zana shi, aka fitar da shi a Chicago a 1922. Impact, dogo matsattse wanda 'yan siyasa ke so saboda yana cusa dogon suna a ɗan fili, aikin Geoffrey Lee ne a 1965, daga maƙerar haruffa ta Stephenson Blake a Sheffield. Algerian mai zane-zane da inuwa a jikinsa, da Old English mai kama da rubutun tsofaffin littattafan cocin Turai, wanda ake gani a goshin jaridar New York Times da takardun shaidar kammala makaranta, duk sun iso ta hanya ɗaya: suna cikin kwamfutar da aka saya, ba wanda ya biya ko kwabo a kansu.

Abin lura a nan shi ne, masu zana su ba su taɓa tunanin Hausa ba. Ba laifinsu ba ne. Turanci suka zana wa.

Gwaɓin da ya riga boko

Kuskure ne a ɗauka cewa son rubutu mai kauri baƙon abu ne da ya zo da Turawa. Yaron da ya tashi a Maradun, kafin ya ga allon makarantar boko ya riga ya ga baƙi a allon malam, kuma wannan baƙin kakkaura ne. Alƙalamin kara da aka fiƙe bakinsa da faɗi, da tawada mai kauri, su ke ba rubutun Alƙur'ani na ƙasar Hausa jikinsa: sanduna gajeru masu nauyi, layi a miƙe, haruffa a tattare kamar an dasa su. Masana rubuce-rubucen hannu kan bambanta salon Barno da na Kano, kuma na Kano ya fi cika ido. Shi ne ya bazu ko'ina ta hanyar bugaggun Alƙur'anai da aka ɗauko daga rubutun hannun mahaddata irin su Sharif Bala Gabari.

Wannan rubutu yana da tsarin launi da ya fi na yawancin fastocin yau hikima. Baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da rawaya, alamar sadarwa da kore. Kowane launi da aikinsa, ba a sa shi don ƙawa kawai ba. Ƙawar tana da nata wuri, wato zayyana, wadda ake yi wa allon sauka da alamomin hizifi da sajada, kuma tana zagaye rubutu ne, ba ta hawa kansa. Mai zayyana ya san iyakarsa. Idan za a nemi ƙa'idar rubutun ado ta Hausa, daga nan ya kamata a fara: harafi ya yi nauyi, launi ya yi aiki, ado ya tsaya a gefe.

Idon da aka rena da irin wannan baƙi ba ya ganin siririn harafi da daraja. Shi ya sa idan mai shago ya ce wa mai zane "ka ƙara masa gwaɓi", ba nisa kaɗai yake auna ba. Rubutu mai nauyi a wurinsa rubutu ne mai kwarjini.

Mai buroshi

Kafin injin buga bana ya yawaita, mai fenti ne ke riƙe da fuskar gari, kuma har yanzu bai bar fagen ba. Ya dace a tsaya a kalli yadda yake aiki. Zai jingina falankin kwano ko katako a inuwa, ya shafe shi da farin fenti ya bar shi ya sha iska. Sai ya shafa wa zare alli, ya ɗaure shi gefe da gefe, ya ja ya saki, layi ya fito. Layi biyu ya ishe shi: na kai da na ƙafa. Ba ya auna faɗin kowane harafi da ma'auni. Da ido yake rabawa, ya ba M da W fili, ya matse I, kuma idan ya ga sunan zai ƙare kafin allon ya ƙare sai ya buɗa tsakanin baƙaƙen ƙarshe yadda mai kallo ba zai lura ba. Faffaɗan buroshi ke yin sanda a ja ɗaya. Bayan ya bushe sai ya dawo da ƙarami ya zuba inuwa a dama da ƙasa, harafin ya taso daga allon kamar an sassaƙa shi.

Idan kalmar tana da ƙ, ba ya tsayawa tunani. Yana isa saman sandar sai ya karya wuyan hannu, ƙugiya ta fito. Ja ɗaya ne na buroshi, bai ƙara masa kuɗin fenti ba. Mai fentin da ya bar ƙugiya, ko dai bai koyi ƙa'idar rubutun Hausa ba ne, ko kuma haka aka rubuto masa a takarda. Kayan aikinsa ba su hana shi ba. Wannan batu shi ne ginshiƙin abin da ke tafe.

A jikin manyan motoci wannan sana'a ta fi sakewa. A nan ake ganin harafi mai launi biyu, sama ja ƙasa rawaya, da mai ƙaho a tsakiyar sanda, da wanda aka lanƙwasa ya bi siffar goshin mota. Boko da ajami da Larabci kan zauna a allo ɗaya ba tare da faɗa ba, domin hannu ɗaya ne ya ja su, kaurinsu ɗaya. Kwamfuta har yau ba ta iya wannan da sauƙi ba. Ana gane banar da aka haɗa a kwamfuta da yadda Larabcinta ke fitowa siriri irin na bugun Misira ko Labanan, ga boko a ƙarƙashinsa ƙato, kamar ba gida ɗaya suka kwana ba.

Yadda ƙugiya ta faɗi

Haruffa masu ƙugiya sun zauna a rubutun boko ne a shekarun 1930. Kafin nan wasu kan ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafin, wasu su sa masa waƙafi a gefe. Aikin Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, su suka sa idon mai karatu ya saba da ɓ da ɗ da ƙ. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tsara jerin haruffa 33 da za su wadaci manyan harsunan Nijeriya, har shahararren mai zana haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a aikin. Duk wannan ƙoƙari a kan harafin littafi da na tafireta ya tsaya. Ba a waiwayi harafin bango ba, saboda a lokacin bango na hannun mai buroshi, shi kuwa ba ya bukatar a zuba masa komai.

Sai kwamfuta ta karɓi bangon. Manhajar CorelDRAW, wadda ta fito a Kanada a 1989, ita ce ta zama gatarin masu shagunan zane a Nijeriya. A shiga irin wannan shago a kalli abin da ke faruwa. Matashi na zaune gaban allo, mai aiki na tsaye a bayansa da takarda: banar maraba ce ta bikin sauka, ana so a rubuta "Barka da zuwa manyan baƙi". Ya buga kalmomin, ya zaɓi Impact, rubutun ya cika allon, mai aiki ya ce madalla. Idan yaron mai kula ne sai ya nemo ƙ ya saka. Nan take ɗayan biyu zai faru: ko wani ɗan akwati fanko ya tsaya a gurbin harafin, ko kuma kwamfutar ta aro ƙ daga wani zubin dabam, siririya, ta tsaya tsakanin ƙattin haruffa kamar sillen kara a cikin turame. Mai aiki zai ce wannan ya ɓata bana. Yaron ya goge, ya mayar da k. Da la'asar bana na rataye a ƙofar gida tana yi wa manyan baki maraba.

Dalilin yana cikin yadda aka jera haruffan duniya a tsarin Unicode, inda kowane harafi ke da lambarsa. Haruffan Turanci suna sahun farko, na Faransanci da Jamusanci da makamantansu suna biye. Manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ, da ƙaramar ƙ, suna wani rukuni na can gaba. Ƙananan ɓ da ɗ kuwa ba ma a nan suke ba. Suna cikin rukunin alamomin da masana furuci ke amfani da su. Mai zana harafin talla, wanda kasuwarsa Turai da Amurka ce, yakan tsaya a sahun farko da na biyu ya rufe aiki. Shi ya sa Arial da Times New Roman na kwamfutocin yanzu suna da ƙugiya, amma Impact da Cooper Black da Algerian da ke zuwa tare da Windows da Office ba su da ita. Haruffan da aka tanada don ƙaramin rubutu sun san Hausa, na babban rubutu ba su san ta ba.

Akan ce ai Bahaushe zai gane daga ma'anar jimla. Sau da yawa yakan gane. Amma rubutun bango ba shi da jimla. Kalma biyu ce ko uku, babu na gaba babu na baya da za su taimaka. Fada da faɗa, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, bari da ɓari, kara da ƙara: a kanu, ƙugiyar ce kaɗai ke raba su. Ga kuma wata hasarar da ta fi wannan zurfi. Yaron firamare a Bakura zai ga ƙ a littafinsa na Hausa sau ɗaya ko biyu a mako, amma zai wuce KARAMAR HUKUMA da DAKIN TARO da DAN TAKARA kullum, da haruffa masu tsawon hannunsa, wasu ma a allunan hukuma. Bango ya fi malami yawan shiga aji. Abin da yaron zai koya shi ne ƙugiya kayan jarrabawa ce, manya ba su damu da ita ba.

Waƙafin sama ma yana shan irin wannan wahala. 'YAN KASUWA kan koma YAN KASUWA, SANA'A ta koma SANAA, saboda a matsattsen zubi waƙafin kan maƙale tsakanin baƙaƙe biyu har ya ɓace, ko mai zane ya cire shi don yana ganin ya bar giɓi.

Masu sana'ar ba su zauna haka nan ba, kuma ya kamata a yaba musu. Wasu kan rubuta K' da D' da B'. Wasu sun kwaso dabarar masu rubutu a waya, inda q ke tsaya wa ƙ, lamba 6 kuma ta tsaya wa ɓ. Ƙwararru daga cikinsu kan mayar da harafin zane, su yanko kan f ko gindin J su dasa a saman k, su gyara gaɓar da hannu har ta zauna. Wannan dabara ta ƙarshe ita ce ainihin aikin mai zana haruffa, ko da mai yin ta bai san sunanta ba. Illarta ɗaya: a kwamfutarsa take kwana, gobe idan wani aikin ya zo sai ya sake daga farko, maƙwabcinsa kuma bai amfana ba.

Inda gwaɓi ke aiki, da inda ado ke cuta

Amfanin harafi mai kauri abu ne da ake iya lissafawa. Injiniyoyin hanya a Amurka suna ƙiyasta cewa kowane inci ɗaya na tsawon harafi yana ba da damar karatu daga nisan ƙafa 30. Harafi mai inci 10 ke nan za a iya karanta shi daga ƙafa 300, kimanin mita 90. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Direban da ya doso allo a bakin titin Mafara yana da daƙiƙa biyar da 'yan kai, kuma ba duka zai ba allon ba, ga babura ga dabbobi. Kalma uku zuwa huɗu ce rabonsa. Wannan lissafi na harafi ne mai tsabta. Kowace ƙawa da aka ƙara tana rage nisan.

A nan ne ake gane cewa kauri da ado ba abu ɗaya ba ne. Abin da ke sa a gane harafi daga nesa shi ne farin da ke cikinsa da wanda ke kewaye da shi. Idan kauri ya yi yawa har cikin A da B da R ya toshe, daga nesa dunƙule ɗaya za a gani. Old English da aka rubuta da manyan baƙi zalla, wanda ake yawan yi a katin ɗaurin aure da allunan makarantu masu zaman kansu, ko wanda ya yi digiri sai ya tsaya ya yi ta harhaɗawa. A katin biki wannan ba komai ba ne, tunda katin a hannu yake, kuma ƙawar ce saƙon. A allon asibiti ko na kantin magani ko gargaɗin da ke bakin magudanar ruwan Bakolori, ya zama cutarwa. Yawancin masu karatun wannan yanki da ajami suka fara, boko ya zo musu daga baya ko bai zauna sosai ba, kuma irin wannan mai karatu da siffar harafi yake kamawa ɗaya bayan ɗaya. Idan aka canza wa R kama har ta zama fure, an rufe masa ƙofa.

Mai buhun shinkafa ya fi kowa fahimtar wannan. Baƙi biyu, launi ɗaya, babu inuwa, kuma ɗan dako zai gane su da asuba a cikin ƙura.

Abin da ake da shi, da abin da ya rage

Ba daga sifiri za a fara ba. Ƙungiyar SIL ta daɗe da fitar da zubin boko kyauta masu cikakkiyar ƙugiya, irin su Charis da Andika, sai dai na karatu ne, ba na bango ba. Ta kuma fitar da Alkalami, zubin ajami da aka ɗauko daga salon rubutun Kano da kaurinsa, abin da ya nuna cewa baƙin allo zai iya shiga kwamfuta bai rasa kwarjininsa ba. A 2016 Unicode ta ƙara fa da ƙaf da nun na salon rubutun Warsh, wato fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama. Mark Jamra da Neil Patel sun zana Kigelia don ya haɗa rubuce-rubucen Afirka da dama a jiki ɗaya. A 2024 kuma Google Fonts ya fitar da Danfo, zubin ado da masu zane 'yan Nijeriya suka ciro daga rubutun jikin motocin haya na Legas. Idan rubutun danfo ya zama zubin da duniya ke saukewa, babu abin da ya hana na gingimarin da ke lodi a Mafara.

Talatar Mafara tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tun 1992, ga kuma Jami'ar Jihar Zamfara a garin. Aikin da ake magana a kai bai fi ƙarfin ɗalibai da malami ɗaya mai himma ba, kuma manhajar zana haruffa irin FontForge kyauta ce. Matakin farko shi ne a ɗauki hotunan allunan hannu da jikin motoci a garuruwan uku kafin banar leda ta gama maye gurbinsu, a rubuta sunan kowane mai zane da izininsa. Na biyu, a zaunar da masu buroshin da masu kwamfutar wuri ɗaya, domin na farko sun san siffa, na biyu sun san inji. Ƙananan hukumomin uku kuwa, abin da ke kansu bai wuce layi ɗaya a takardar kwangila ba: duk allon da za a biya da kuɗin jama'a, a rubuta Hausarsa da ƙugiya.

Zanen kansa yana da wuyarsa, kuma gara a faɗe ta tun yanzu. A harafi mai gwaɓi fili ya yi ƙaranci. Ƙugiyar ƙaramar ƙ da ɓ tana lanƙwasowa dama a saman sanda, inda za ta iya haɗewa da jikin harafin idan ba a rage mata kauri ba. Idan kuma aka rage da yawa, daga mita 50 ba za a gan ta ba, an koma gidan jiya. Ta ɗ tana leƙawa kan harafin da ke biye, saboda haka ɗi da ɗl da ɗɗ, kamar a "haɗaɗɗiya" ko "shimfiɗaɗɗe", sai an daidaita tazararsu ɗaya bayan ɗaya. Manyan Ɓ da Ɗ nasu ƙugiyar hagu take fita, tana cin filin harafin da ya gabata, kuma a kalma irin HAƊIN ko KARƁA nan ne rami kan buɗe. Babbar Ƙ tata a hannun dama na sama take, wurin da mai fenti ya saba sa ƙawa, don haka dole a bambanta ƙugiyar ma'ana da lanƙwasar ado, in ba haka ba kowace K za ta zama Ƙ. Sai a ƙara ƴ da Ƴ saboda masu karatu na Nijar, waɗanda da su suke rubuta abin da ake rubutawa 'y a Nijeriya, a kuma ba waƙafin sama jiki da fili yadda zai tsaya da ƙafarsa a tsakanin manyan baƙi.

Gwajin ba a allon kwamfuta za a yi shi ba. A buga FADA da FAƊA, KAFA da ƘAFA, da tsawon inci 10, a kafa su a bakin hanya ranar Talata, a ja da baya mita 90, a tambayi ɗan dako da ɗalibar islamiyya da direban tasha abin da kowannensu ya gani. Inda biyu daga cikin ukun suka ruɗe, a koma a ƙara wa ƙugiyar tsawo.